Daminar da Muka Kwana a Lakwal

Majo ne ya fara yi mini maganar, ranar da na kai ƴata karɓar magani a likitar Sassumbrum, wato asibitin garinmu. Shi ne babban ma'aikacin jinya na wurin, kuma ya san mu sarai, don tun yarinyar tana rarrafe muke sintiri a ƙofarsa. Ciwonta amosanin jini ne, wanda shi yake ce wa drepano, mutanen ƙetaren iyaka kuma su ce sikila. Lokacin ta shiga shekara ta goma sha ɗaya, amma wanda bai sani ba zai ce bakwai gare ta.

Ya buɗa idanunta ya duba, ya danna cikinta wajen saifa, sannan ya juyo gare ni.

"Akwai mutanen da za su tara yara masu irin wannan ciwo a Magarya in an yi hutun lakwal," in ji shi. "Koloni ake ce masa. Su ci, su sha, su yi wasa, a koya musu yadda za su zauna da ciwon. Ke kuma ki samu ki huta."

Na ce, "Majo, hutu da damina? Gero ya fito, ciyawa ta fi shi tsawo."

Ya ce, "Gero yana da mai shi. Ke wa kike da shi? Kin ga yadda kika koma kuwa?"

Na daɗe ban tsaya gaban madubi ba.

Maigida bai hana ba, bai kuma nuna yana so ba. Ya ci gaba da gyara ƙotar hauyarsa, can ya ce in dai kusa da babbar likita ne, to Allah ya sa alheri. Ka'idar wurin ita ce iyaye su kai yara su komo gida. Amma da aka ce ana neman mata na girki da wanki, na ce a sa ni. Tun da aka dawo mini da ita daga wurin kakarta ba mu taɓa kwana a rufi daban ba, kuma ban ga yadda zan iya ba. Ƙannenta biyu, waɗanda Allah ya raba da ciwon, na kai su wurin kakarsu.

Ita ce ƴar farina. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, da an yaye shi ma kaka ke ɗauka. Haka aka yi da ita. Ciwo ne ya maido mini da ita, don tsohuwa ba ta iya goyo zuwa likita. Sai muka zauna a haka. Na san kowace gaɓa ta jikinta, na san wadda ke fara ciwo in hadari ya haɗu, na san irin numfashin da take yi kafin zazzaɓi ya rufe ta. Amma hira ba ta haɗa mu. In zan kira ta sai in ce "ke", ita kuma ta ce "Inna", shi ke nan.

Muka hau kabu-kabu, tana tsakanina da mai babur, na lulluɓe ta da zane biyu saboda iska.

A wata lakwal, wato makarantar boko, aka sauke mu, can gefen gari, ba nisa da babbar likita. An tattara bencina an jibge a kusurwa, an shimfiɗa katifu a ƙasa, an ɗaura sange na kare sauro daga taga zuwa taga. Maza kilas ɗaya, mata kilas ɗaya. Lissafin da aka bari a jikin allo ma ba a goge ba.

Abin da ya fara tsayar da ni shi ne yaran. Daga Bande, daga Dungas, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba. Ƙafafu sirara, ciki a gaba, idanu kamar an ɗiga musu ruwan rawaya. Wani yana ɗingishi, wata da tabon sakiya jere a haƙarƙari, irin wanda ke jikin tawa tun kafin mu san likita. A garinmu ita kaɗai ce, har wasu na cewa iska ce ta shafe ta. Ga shi na shigo fili guda na ga fuskarta a ko'ina. Na ajiye kayana na zauna a bakin baranda.

Mai riƙe da wurin wata malamar lakwal ce daga Damagaram, kowa Madam yake ce mata. Siririya ce, tana tafiya tana karkata gefe ɗaya. Da ta tara mu, mu matan aiki, ta ce ita ma ciwon gare ta, da shi aka haife ta, ta haura talatin, tana da miji da ɗa namiji.

A cikinmu akwai wata dattijuwa daga Bande da muke kira Iya. Ta binne ƴaƴa uku da wannan ciwo, har aka riƙa ce mata mai wabi, yanzu kuma jikanta ta kawo. Iya ta tashi ta je ta kama hannun Madam tana jujjuya shi kamar mai tayin zane.

"Ƴar nan, tsakaninki da Allah, ke kika haife shi?"

"Ni na haife shi, Iya. Na sha wuya, amma ga ni."

Iya ta koma ta zauna.

Hutun da Majo ya yi mini alkawari ban gan shi ba. A gida yarinya ɗaya nake jinya, a nan na samu ɗaki guda. Babbar dokar Madam ita ce ruwa. Kowane yaro da bidonsa na ruwa rataye a wuya, in ta busa usur kowa ya kafa kai, ko yana jin ƙishi ko ba ya ji, don ta ce jinin nan in ya rasa ruwa ne yake cijewa a jijiya. Ruwan kuwa in ya shiga sai ya fita. Masu wannan ciwo ba su cika riƙe fitsari ba, har manyansu. Kullum gari ya waye sai mu fito da katifu, mu kwance zannuwa, mu yi ta cuɗa a bakin famfo. Mu shanya, hadari ya taso, mu kwashe da gudu, rana ta leƙo, mu sake shanyawa. Itacen girki a jiƙe yake, sai hayaƙi. Koko da safe, da rana shinkafa da wake ko dambu da zogale, da yamma tuwo. Tsakanin wannan da wancan a dafa ruwan wanka, don ba mai taɓa ruwan sanyi. Hannuwana suka yi fari suka tsattsage. In na sunkuya a sallah sai na dafa ƙasa nake miƙewa.

Madam ta hana a yi wa kowa faɗa a kan fitsarin kwance. Da farko yaran suna ɓoyewa, kowa ya naɗe zanensa ya tura ƙarƙashin katifa. Wata yarinya daga Dungas ce ta karya abin. Baƙa ce mai wushirya, bakinta ba ya hutawa, katifarta kusa da ta ƴata. Wata safiya ta fito da jiƙaƙƙen zanenta a ka kamar mai talla, tana cewa, "Ga na yau da zafinsa! Wa zai saya?" Ɗaki ya kwashe da dariya. Daga ranar kowa da kansa yake kawo nasa bakin famfo.

A bakin wannan yarinya na fara jin ana kiran sunan ƴata da ƙarfi daga wancan gefen fili, ita kuma tana amsawa da ƙarfi. Ban san tana da murya haka ba.

In rana ta yi sanyi Madam takan tara su a gindin dogon yaro su yi hira. Ba a gayyatar manya. Wata rana ina zaune bayan katangar kilas ina tsintar wake, iska tana kawo mini maganarsu. Madam ta ce kowa ya faɗi yadda ciwon yake yi masa, da abin da yake yi in ya taso. Wani yaro ya ce shi kamar ana daka ƙashinsa a turmi. Ƴar Dungas ta ce nata baƙo ne marar kunya, ba ya sallama, kuma sai ya ga dama yake tafiya. Aka yi dariya. Sai na ji muryar ƴata.

"Nawa iri biyu ne, akwai ƙarami akwai babba. Babban ba ya ɓoyuwa. Ƙaramin ba na faɗa wa Inna."

Madam ta ce, "To me kike yi?"

"Ina cusa bakin zane a baki in juya wajen bango. In an jima yana sauka."

"Me ya sa ba kya faɗa mata?"

"Ta gaji. Ko tsefe take yi mini sai in ji hannunta ya tsaya, in na waiga tana gyangyaɗi."

Na ci gaba da tsintar waken. Da na duba sai na ga tsakuwar nake zubawa a cikin mai kyau. Na tuna zannuwanta da nake gani duk bakinsu a tattaune, ina ta ɗora wa ɓera laifi. Iya tana gefena, ita ma ta ji. Ta miƙo hannu ta janye tiren daga gabana ta ci gaba da tsintar, ba ta dube ni ba.

Ban yi wa yarinyar maganar ba. Ban san ta inda ake farawa ba.

Akwai abin da yaran nan duka suke so, kuma duka an hana su, wato wankan ruwan sama. In ana ruwa sai su jeru a taga suna kallon yaran unguwa tsirara suna tsalle a ƙarƙashin indararo. Madam ta ce ita ma har ta girma ba ta taɓa yi ba. Wata safiya da gari ya yi garau ta zo murhu ta same mu.

"Iyayena, zan roƙe ku abu mai wuya. Ina so a dafa ruwa da yawa, duk tukwanen da muke da su."

Iya ta ce, "Wa ya haihu?"

Ba wanda ya haihu. Madam ta sa an huda tsofaffin kwanoni da ƙusa, an fito da tebura tsakiyar fili. Da rana ta take, samarin da ke taya ta kula da yara suka hau tebur suka ɗaga kwanonin, mu kuma muna miƙa musu ruwan ɗumi bokiti bayan bokiti. Ruwa ya riƙa zubowa ta hudojin, yara suka shiga ƙarƙashi. Ihun da suka yi har mutanen unguwa suka leƙo ta katanga. Ƴar Dungas ta kama hannun tawa suna juyi, baki buɗe, ruwa na shiga. Mai ɗingishi ma ya shiga da sandarsa. Madam tana gefe da tawul a kafaɗa, duk wanda ta ga leɓensa ya fara rawa sai ta fizgo shi ta goge shi ta tura shi rana.

Mu kuwa tsakanin famfo da murhu da fili muka yi ta kai da kawowa har na daina jin kafaɗuna. Da aka gama na zauna a ƙasa inda nake, cikin caɓi. Iya ta zauna kusa da ni tana haki, ta ce, "Nawa ukun ba su samu wannan ba." Sai ta tashi ta tafi ɗora tuwo.

Bayan ƴan kwanaki aka yi ruwa na gaske, da iska mai sanyi, aka wuni ana yi. Muka rufe tagogi, muka sa wa kowa rigar sanyi, muka kai garwashi a kasko. Duk da haka gari na wayewa uku suka tashi da ciwo. Biyu sun samu sauƙi da magani da ruwan ɗumi. Ta ukun ƴar Dungas ce. Nata a ƙirji ya sauka. Tana numfashi sama-sama, tafin hannunta fari fat, bakin nan da ba ya hutawa ya yi shiru. Ma'aikaciyar jinyar da ke kwana da mu ta duba ta sau ɗaya ta ce a tafi babbar likita yanzu.

Yarinyar ba ta da kowa a wurin. Uwarta ta rasu, ubanta yana gona a wani ƙauye bayan Dungas. Madam ba ta iya barin sauran yara, Iya kuma ba ta iya goyo. Kowa ya dube ni.

Ni kuma ƴata nake kallo. Tana zaune a katifarta ta miƙe ƙafa ɗaya, ta ɗora hannu a gwiwa kamar ba komai. Na san wannan zama. Na durƙusa na taɓa gwiwar, da zafi.

"Ke, ya taso ko?"

Ta ce, "Ƙaramin ne, Inna. Ki tafi da ita. Nata babba ne."

Madam ta ce, "Je ki. Ni zan zauna da ita, na san hanyarsa."

Na goya ƴar mutane. Ba ta fi tawa nauyi ba. Hanya duk ruwa, babur ya kai mu inda zai iya, sauran na taka. A likita aka sa mata ƙarin ruwa da abin shaƙar iska, lokotoro ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, sai an ƙara mata. Aka buga wa ubanta waya ya ce ga shi nan, amma ruwa ya yanke hanya, sai ya zagaya. Ɗaya daga cikin samarin da suka riƙe kwanonin wanka aka gwada, nasa ya dace, ya bayar.

Na zauna gefen gadonta ina matsa mata ƙafafu kamar yadda nake yi wa tawa, daga idon sawu zuwa gwiwa, a hankali. Hannuwana sun san aikin, ba sa bukatar ni. Hankalina yana lakwal. In na rufe ido sai in ga bango, da yarinya ta juya masa fuska. Can da la'asar ƴar Dungas ta buɗe ido ta dube ni, ta ce a hankali, "Inna, baƙon nan yau da kayansa ya zo." Na ce ta yi shiru ta huta. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, kuma ban san ko don wacce ba ne a cikinsu.

Washegari da hantsi uban ya iso, taɓo har gwiwa, takalmansa a hannu. Dogo ne, ba ya da yawan magana. Ya tsaya a kan ƴarsa ya daɗe, sannan ya juyo ya durƙusa a gabana yana godiya, har kunya ta kama ni. Na ce masa yi wa kai ne. Ya ce da an sallame ta gida zai wuce da ita, ya bar gona ba kowa, kuma zuciyarsa ba za ta ƙara ɗaukar irin wannan kiran waya ba. Ban ga laifinsa ba.

Da na koma lakwal na tarar da tawa a baranda, an naɗe mata gwiwa da tsumma mai ɗumi, tana shan kunu. Madam ta ce ta sha wuya amma ya sauka. Ta ce kuma ba ta bar ta ta juya wajen bango ba, ta ce mata a nan wanda ke ciwo kuka yake yi a ji shi.

Na zauna kusa da ita. Ba kowa a wurin sai mu. Ta tambayi ƙawarta, na ce ta farfaɗo, amma gida za a wuce da ita. Ta sunkuyar da kai tana juya ludayi a kwano.

Na ce, "Ke. Daga yau in ya taso ki faɗa mini. Ko ƙaramin ne."

Ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"In na faɗa miki me za ki yi, Inna?"

"In matsa miki."

"Matsar ba ta kashe shi. Sai dai mu zama mu biyu ba mu runtsa ba, ga gona da safe."

Gaskiya ta faɗa, kuma ba da rashin kunya ta faɗe ta ba. Can na ce, "Duk da haka." Ta ce, "To." Na jawo ƙafar na ɗora a cinyata, ta bar ni.

Ranar rabuwa aka yi ɗan biki, yara suka yi waƙa, aka raba musu sange da rigunan sanyi. Iya ta rungume Madam ta ƙi saki. Ni dai abin da na fi tunawa shi ne katifun da sai da muka wanke muka shanya kafin a mayar wa masu su, da bencinan da muka jera yadda muka same su.

A gida na tarar ƙaramin ɗana yana zawo, wake kuma ciyawa ta cinye shi. Maigida ya dube ni ya ce, "An huta?" Na ce an huta. Washegari na ɗauki hauya.

Tana faɗa mini yanzu, wani lokaci. Wani lokacin kuma sai na ga bakin zane nake ganewa. Ruwa dai ba a ƙara yi mata faɗa a kansa ba, da kanta take cika bidonta, har ƙannenta take tsarewa su sha. Daminar da ta biyo baya aka sake yin koloni, na bar ta ta tafi ita kaɗai, ni kuma na yi ta juyi a shimfiɗa har ta dawo. Ta ce Madam ta zo, Iya ba ta zo ba, ƴar Dungas ma ba a kawo ta ba. Daga wannan shekara ba a ƙara yi ba. Majo ya ce masu ɗaukar nauyin sun koma wani wuri.

Mun yi waya da uban ƴar Dungas ƴan lokuta, yaran su karɓa su yi ta surutu, daga baya layin ya daina shiga. Ƴata ta zama budurwa yanzu, tana ɗinki a zaure in jiki ya bar ta. In ranar kasuwa ta zo kuma tana da ƙarfin tafiya, takan bi rumfunan masu zuwa daga wajen Dungas tana tambaya. Bara wata mai man gyaɗa ta ce ta san wata baƙa mai wushirya da ke yawan ciwo, tana sayar da ƙuli a bakin tasha, surutu kamar me. Amma ta ce ba ta san sunan ubanta ba, kuma ta kwana biyu ba ta bi ta wajen ba.